Na Nawa Ya Zo?

Na sauka Buruksel, babban birnin Beljik, da jaka ɗaya da adireshin wani ɗaki da babu shi. Wani Lawali, da aka ce mini ɗan Tasawa ne, shi ya karɓi kuɗin haya tun ina gida, ya aiko mini hoton gado da taga mai shuɗin labule. Da na isa titin, lambar gidan tana nan yadda na rubuta ta, sai dai shagon injinan wanki ne. Na danna ƙararrawar benen da ke sama. Wata tsohuwa Baturiya ta leƙo, ta saurare ni har na gama, sannan ta ce ba ni ne farkon wanda ya zo neman labulen nan ba. Wayar Lawali kuwa daga ranar ba ta ƙara shiga ba.

Ni magana nauyi take mini tun ina yaro. A Attantane, inda aka haife ni, yara Kurma suke ce mini, ba don ba na ji ba. A lise, wato sakandaren Tasawa, ma bencin baya na zauna har na ci jarrabawar bak ta fita, ba na ɗaga hannu ko na san amsa. Saboda haka ban nemi taimakon kowa ba. Na shiga shagon wankin don akwai ɗumi a ciki, na zauna ina kallon tufafin mutane suna juyawa. Can sai ga tsohuwar ta sauko da kofin kafe da burodi. Ta zana mini hanya a bayan takardar adireshin, ta ce in bi bakin ruwa har in ga inda ake loda tsofaffin motoci. "Mutanenku suna can," in ji ta. Ko sunanta ban sani ba.

Garajin wata ƙatuwar rumfa ce ta ƙarfe, cike da motocin da Turawa suka gaji da su, ana shirya su zuwa Kwatano, daga can su hau hanya har Maraɗi. Ina tsaye a ƙofa na ji wani yana faɗa da Hausar gida: "Wagga mota, jakin kakana ya hi ta lahiya!" Ban san sa'ad da idona ya cika ba.

Mai maganar shi ne Alhaji Garba, mai garajin, gajere mai faɗin ƙirji, da rigar sanyi a kan jallabiya. Ya dube ni sama da ƙasa.

"Kai kuma daga ina?"

"Attantane, Alhaji."

"Attantane! Mu na Kanan-Bakashe ne. Ashe maƙwabci ne. Mi ya kawo ka?"

Na ce karatu ne na shekara guda, kan nazarin ƙasar noma.

"Ƙasa? Ƙasa dai wadda ake takawa?" Ya juya wajen ma'aikatansa. "Ku zo ku ga ikon Allah. Ya baro ƙasa kyauta a Attantane, ya biya jirgi, ya zo ya karance ta cikin littahi!"

Aka yi dariya, har da ni. Daga ranar sunana Mutari ya ɓace, na koma Injiniya.

A cikin motocin na fara kwana. Duk wadda na saba da kujerarta sai a loda ta, in ɗauki bargona in koma wata. Akwai wata farar bas da na fi daɗewa a ciki. Ranar da aka tafi da ita na tsaya ina kallonta, don na san za ta riga ni ganin Maraɗi. Da safe in wanke fuska a famfon garaji, ruwan kamar allura, in hau jirgin ƙasa zuwa jami'a. A aji ina ɓoye hannuwana ƙarƙashin tebur saboda warin man inji da ba ya fita.

Da sanyi ya yi tsanani, Alhaji ya iske ni wata Lahadi ina karatu da safar hannu, numfashina yana hayaƙi. Ya tsaya ya daɗe.

"Injiniya, ka iya koyar da yaro?"

Yana da ɗaki a saman gidansa, ƙarƙashin rufi. In zauna a ciki, in ci abin da aka ci, ni kuma in riƙa zama da ɗansa Habibu kowace yamma. Yaron yana ajin ƙarshe na firamare, kuma a ƙarshen watan Yuni akwai jarrabawar da duk yaran yankin suke yi tare, takarda iri ɗaya, lokaci ɗaya. Alhaji sartifika yake ce mata, makaranta kuma lakwal, kamar yadda muke faɗa a gida.

"Ka saurare ni da kyau," in ji shi. "Lakwal ɗin ƙasar ga ban gane kanta ba. In aka yi sartifika ban ga abin da ya gamsar da ni ba, Tasawa za ya tahi, wurin Yaya Idi. Can aka san karatu."

Habibu shekararsa goma sha ɗaya, dogo siriri, bakinsa ba ya hutawa. A Beljik aka haife shi. Hausarsa kamar riga ce da aka ɗinka da ƙyallaye, rabi Faransanci. Tonton yake ce mini, wato kawu. Lissafi ba ya ba shi wahala, rubutu ne yake tsallake wasu haruffa don sauri. Ina sa shi ya sake, ya sake, shi kuma yana ramawa da tambayoyi.

"Tonton, a Tasawa akwai wurin iyo?"

"Akwai tabki, in damina ta yi."

"Da gaske mushe, malamin aji, yana dukan yara?"

"Wasu."

"Kai an doke ka?"

"Ni ba a ma san ina ajin ba."

Ya yi dariya, sannan ya ce, "Ni ba na son in je." Na ce to ya buɗe kaye, littafin rubutunsa, mu ci gaba.

Uwarsa, Hajiya Rakiya, ita ta raya ni a wannan sanyin. Rana ba ta fitowa sai ta leƙo ta koma. Ina barin gida da duhu, in dawo da duhu, in yini ina auna ƙasar wasu mutane a cikin kwalabe. Wani lokaci a jirgin ƙasa sai in rufe ido in ga rijiyar unguwarmu da layin jarkoki, in buɗe in ga ruwan sama yana bin gilashi. Hajiya ba ta taɓa tambayata ko ina kewar gida ba. Sai dai in na hau sama in tarar da kwanon fura a bakin ƙofa, ta geron da matafiya ke kawo mata, an dama da yawurt na kanti. Ba ta kai ta gida ba, amma ina sha a hankali don kada ta ƙare.

Habibu ɗan farinta ne, saboda haka ba ta kiran sunansa. "Yaron ga" take cewa, ko "wancan". A gidan da aka yi shekaru a Turai, wannan kunyar ba ta bar ta ba.

Rigima ta fara ranar da aka kawo biltan na farko, takardar sakamakon zango. Alhaji ya juya takardar gaba da baya, ya miƙo mini.

"Duba mini. Na nawa ya zo?"

Na duba ko'ina. Akwai maki, akwai bayanin malama, babu matsayi. Na gaya masa.

"Kullum haka! Ya za a yi aji babu na ɗaya babu na ƙarshe? Kasuwa ce?"

Ranar ya ba ni labarinsa. A lakwal ɗin ƙauyensu, ranar ƙarshen shekara ana tara iyaye ƙarƙashin gawo, mushe ya karanta sunaye daga sama har ƙasa. Na ɗaya a ɗora shi kan tebur a tafa masa, na ƙarshe yara su raka shi da ihu har gida. Alhaji kan teburin nan ya girma, shekara bayan shekara. Shekarar da zai yi sartifika ruwa ya sauka da wuri. Mahaifinsa ya zo ƙofar aji da sungumi a kafaɗa, ya kira sunansa. Aka yi jarrabawa yana gona. Bai ƙara komawa ba.

"Tun ranar na yi rantsuwa," in ji shi, "ɗan da na haifa ba za ya riƙe hauya ba."

Da aka kira taron iyaye, ya sa babbar riga, ya ce in zo in yi tafinta, don Faransancinsa na ciniki ne. Muka zauna kan ƴan kujerun yara, gwiwoyinmu kusa da haɓa, ni da shi da Hajiya. Malamar ajin, wadda kowa ke ce wa Madam, mace ce mai furfura da fara'a.

"Tambaye ta na nawa ya zo."

Madam ta ce su ba sa jera yara. Abin da za ta iya faɗa, Habibun bana ya fi Habibun bara.

"Ce mata ni in na kai mota Kwatano, ba da motata ta bara ake gwada ta ba. Da ta maƙwabci ake gwadawa."

Na fassara kalma da kalma, fuskata tana zafi. Madam ta yi dariya, ta ce ai yaro ba mota ba ne.

"Mota ta hi shi sauƙi. Ita ana buɗe kapo a ga inji."

Madam ta ce jarrabawar Yuni za ta nuna masa ko yaron ya kai inda ake so, amma ko ita ba ta fitar da na ɗaya. Sannan ta juya ga Hajiya, ta ce har yanzu ba ta ji ta bakin uwa ba. Me take alfahari da shi game da ɗanta? Hajiya ta sunkuyar da kai tana gyara gefen mayafi. Madam ta dube ni tana jira. Na nemi yadda zan ce da Faransanci uwa ba ta yabon ɗan fari a gaban mutane, ban samu ba. Na ce ta gode.

A mota ne bakin Hajiya ya buɗe.

"Ni dai abin da na riƙe na lakwal, bulala ce da durƙuso kan tsakuwa. Ko rubuta sunana sai da na zo nan na koya. Yaron ga da gudu yake tahiya da sahe. Wannan bai isa ba, Alhaji?"

"Wurin wasa ai da gudu ake zuwa."

A garaji ma maganar ke nan in an zauna shan shayi. Wani ya ce shi ya mai da nasa gida tun suna ƙanana, yanzu suna gaishe shi a durƙushe. Wani ya ce nasa da ya mayar, yanzu ko wayarsa ba sa ɗauka. Wani kuma ya ce a duk tsarin ƙasar jarrabawar Yuni ce kaɗai gaskiya, tunda ba malamar ajin ke shirya ta ba, sauran duk lallashi ne. In aka ce, "Injiniya, kai mi ka gani?" sai in ce kowa da gaskiyarsa, in kurɓi shayi.

Da sanyi ya fara ja baya, Madam ta ce kowane yaro ya kawo irin wani abu da ake shukawa a ƙasar iyayensa. Hajiya ta ɗebo wake daga buhunta, farin wake mai baƙin ido irin na wajenmu, ta ƙulle a leda ta ajiye kan tebur ba tare da ta ce na wa ne ba. Habibu ya shuka a gwangwani a tagar aji, daga baya aka mai da shi ƴar gonar da ke bayan lakwal. Kullum sai ya ba ni rahoto. Ganye biyu. Ganye huɗu. Ya ce waken ɗan Maroko ya fi nasa tsawo amma nasa ya fi kauri. Babu wanda ya gaya wa Alhaji, ba don ɓoyewa ba. Ba a ɗauke shi labari ba.

Yuni ya zo. Muka yi ta bitar tsofaffin tambayoyi har yaron ya fara amsa su yana hamma. Aka yi jarrabawa. Ya dawo ranar ƙarshe ya jefar da jaka, ya ce, "Tonton, an gama!"

Amma a can in an gama jarrabawa ba a sallami yara ba. Kafin sakamako ya fito, da bayansa ma, dole su ci gaba da zuwa har ranar rufewa. Babu darasi. Suna wanke tebura, suna zuwa yawo, suna shirya wasan da za su yi wa iyaye. Alhaji bai ji daɗin wannan ba.

"A gida in an gama kompozisiyon an gama, kowa ya kama gabanshi. Nan an gama, ba a gama ba. Mi suke yi can yini guda?"

Wata safiya ya ce in shiga ya sauke ni tashar jirgi. Hanyar ta bi ta bayan lakwal. Ta cikin shingen ƙarfe muka ga yara a ƴar gonar nan. Habibu yana durƙushe, gwiwoyinsa cikin laka, da ƴar ƙaramar hauya a hannu, yana cire ciyawa a gindin wakensa. Alhaji ya taka birki a tsakiyar titi. Motocin baya suka fara oda. Yaron ya ɗago, ya gane motar, ya miƙe yana ɗaga hauyar sama.

"Baba! Baba, zo ka ga wakena!"

Alhaji bai sauka ba. Ya dube shi, ya daɗe yana dubansa, sannan ya ja mota. Muka nufi tasha. Ina ganin jijiyoyin hannunsa a kan sitiyari.

"Injiniya, yaushe jirginka na gida?"

Karatuna na aji ya ƙare, saura in koma gida in ɗebi ƙasar gonakin Mayahi don rubutun ƙarshe. Tafiyata ta kama kafin ranar da za a ba da sakamako. Da yamma Alhaji ya dawo da tikiti na biyu da takardar izinin tafiya da yaro.

Na shirya magana a kaina, na jera ta kamar yadda nake jera kwalabe. Washegari na same shi bayan la'asar a falo.

"Alhaji, kwanakin nan ba na karatu ba ne. Karatun an yi shi, ni shaida ne. A jira sakamako mana. Gonar nan kuma..."

"Gonar nan kuma mi?"

"Darasi ce. Suna auna tsiro, suna rubutawa."

"Kai ƙasa ka zo karatu, dole ka kare ta." Ya gyara zama. "Na bar gona, na kwana tasha a Kwatano, na wanke motocin mutane cikin ƙanƙara, don in zo in iske ɗana durƙushe da hauya? A Turai? In noma ne, muna da gona ta hi garin ga faɗi. Na yi magana da Yaya Idi tun watan jiya. Akwai lakwal mai zaman kanta a Tasawa, suna darasin hutu. Yana sauka ya shiga aji, ajin da ake kiran suna da lamba."

Bai ambaci ɗakin da nake kwana ba, bai ambaci furar da nake sha ba. Ba sai ya ambata ba.

Hajiya ta yi nata ƙoƙarin, na ji muryoyinsu ta ƙasan bene. Washegari ta fara haɗa kaya. Habibu ya roƙi a bar shi ya kai ranar wasa, don shi zai nuna wa iyaye gonar. Aka ce jirgi ba ya jiran wasa.

A filin jirgi Alhaji ya yi ta yi wa yaron nasiha. Hajiya tana gefe. Da aka zo rabuwa ta matso, ta gyara masa wuyan riga wanda ba abin da ya same shi, ta dube ni.

"Injiniya, ga kaya nan. A riƙa shan maganin zazzaɓi."

Ta juya kafin mu juya.

A Yamai, da aka buɗe ƙofar jirgi, zafi ya rungume ni kamar ɗan'uwa. Habibu ya ce, "Tonton, wa ya kunna wuta?" Muka kwana gidan wani abokina, da asuba muka hau bas. Hanyar ba ta da iyaka. Dosso, Dogon Dutsi, Ƙonni, Madawa. A kowane shinge sai an sauke mu, a juya fasfon yaron, a tambaye ni me na haɗa da shi. Ya yi amai kafin Ƙonni. Wata mata mai goyo ta ba shi lemun tsami ya riƙa shinshinawa, ta jawo kansa kan cinyarta ta rufe da gefen zane. "Ɗan wa ne, bawan Allah? Ina uwarshi?" Na ce tana nesa. Ta ce, "Allah sarki," ba ta ƙara tambaya ba.

Daga Madawa na fara ganin ƙasa ta yi duhu. An yi ruwa. Ƙamshin ya shigo ta taga, ƙamshin da na shekara ina nema a cikin kwalabe. Ko'ina mutane ne a gonaki, layi-layi. Na san abin da wannan ke nufi, amma na gaji har ban iya bin tunanin zuwa ƙarshensa ba.

A Tasawa muka tarar da gidan Baba Idi, yayan Alhaji, da kwaɗo. Maƙwabcinsa, wani tela, ya leƙo daga rumfa.

"Malam Idi? Ai ruwa ya sauka shekaranjiya. Duk gidan sun tahi ƙauye, har da kaji."

Na ja yaron muka je lakwal ɗin da aka faɗa. Ƙofa a rufe. Ta saman katanga na ga awaki kwance a inuwar aji. Mai gadi ya ce darasin hutu sai an gama shuka da noman fari, in an samu yara.

"Direktan fa?"

"Shi ma mutum ne, yana da gona."

Muka kwana a rumfar tela. Da safe muka shiga motar kasuwa zuwa Kanan-Bakashe, an ɗora mana buhu a ƙafa, daga nan amalanken shanu ya ƙarasa da mu. Baba Idi ya taho daga gona da sungumi, ƙafafunsa jajir da ƙasa. Kamanninsu ɗaya da Alhaji, sai dai shi rana ta gasa shi. Ya riƙe kan Habibu da hannu biyu.

"Wanga ne Baturen? Ma sha Allah. Ka zo a daidai, ɗana. Hannu ya yi muna kaɗan."

Na ce Alhaji lakwal ya ce.

"Lakwal sai Oktoba. Garba ya manta ne? Laima kwana nawa take jira?"

Washegari tun rana ba ta yi zafi ba aka fita. Maza suna gaba suna sara da sungumi, taki ɗaya sara ɗaya. Mata da yara suna biye da ƙoƙon iri, a zuba gero da yatsu uku, a rufe da ƙafa. Aka ba Habibu nasa ƙoƙon. Ya cire takalman ƙwallonsa da kansa, ya ajiye su gindin wata ƙirya, ya shiga layi. Ƴan'uwansa suna ta yi masa dariya don yana sunkuyawa ya rufe ramin da hannu, a hankali, yadda Madam ta koya musu.

Ni ina bakin gona da ƴan ledojin ɗibar ƙasa, ina neman inda waya ke kamawa. A kan wani tudu saƙon Hajiya ya shigo. Ita kaɗai ta je lakwal karɓar sakamako. Yaron ya ci, in ji ta, da maki masu kyau. Madam ta tambayi lafiyarsa. Ta kai ta gonar, waken ya fara yaɗo, an ɗaura masa sanda.

Ban gama saurara ba Alhaji ya kira.

"Injiniya! Kun ji labari? An ce ya ci. To, ci dai kowa na ci. Ya shiga aji?"

Na dubi gonar. Babu wata hanya da zan zagaya.

"Alhaji, lakwal a ruhe take. Sai Oktoba."

"Ina yake?"

"Yana gona."

"Wace gona?"

"Taku."

Na ji ƙarar garaji a bayansa, guduma da injin. Sai ƙarar ta yi nisa, kamar ya fita waje.

"Wa ya kai shi?"

"Ruwa ya sauka, Alhaji."

Da ya sake magana muryarsa ta sauka.

"Wace gonar? Ta wajen ƙirya?"

"Ita."

"Nan tsoho ya kai ni ranar." Ya ja numfashi. "Ya iya?"

"Da hannu yake ruhewa."

"Kai! Ce mai da diddige ake yi. Ya taka da kyau, in ba haka ba kurciya ta tone." Ya tsaya. "A sa mai hula. Kanshi bai saba ba."

Na jira ya ce in dawo da shi. Ina jin maganar tana kusa da bakinsa, kamar yadda tawa ke yi. Ya ce ana kiransa, ya kashe.

Habibu bai koma wurin iyayensa ba. Alhaji ya riga ya faɗa a garaji gaban kowa, kuma shi ba ya cin maganarsa. Da Oktoba yaron ya shiga kwaleji a Tasawa, aji mai cunkoso, uku-uku a benci. Ni ban koma Beljik ba, daga gida na aika rubutuna, na samu ɗan aiki a Mayahi. In na shigo Tasawa ranar kasuwa ina leƙa shi. Ya yi baƙi, Hausarsa ta miƙe, surutunsa ya ragu.

Da aka ba da biltan na farko, Baba Idi ya sa na karanta wa Alhaji a waya. Wannan karon lambar tana nan, an rubuta ta da jan bik, an zagaye. Na talatin da bakwai. Alhaji ya sa na maimaita. Ya tambayi cikin nawa, na faɗa masa. Ya ce to. Ya samu amsar da ya shekara yana nema, kuma daga ranar bai ƙara yi mini tambayar ba.

Da na fito daga gidan, wani saƙo ya shigo daga Hajiya. Gajere ne. Ta gaishe ni, ta tambayi mutanen Attantane, ta ce can sanyi ya dawo.

"Injiniya," ta ce, "ka ce ma Habibu na ajiye mai waken. Madam ta aiko da shi cikin ambulan."

Na tsaya a bakin titi, motoci suna wucewa zuwa Damagaram, na sake saurara don in tabbata sunan na ji.